Shekarar Da Na Warkar Da Mangwaron Babana

Shekarun baya, wajen shekara uku da rasuwar mahaifina, na sha wata wahala a gidanmu na Gadarif wadda har yau in na tuna sai in ji ɗaci a raina. A kan itacen mangwaro ne. Ku yi dariya in kun ga dama, a lokacin ma an yi mini.

Mahaifina ne ya dasa shi a tsakar gida, dab da ƙofar waje, tun kafin a haife ni. Wanda ya san garin nan ya san ruwa ba abin wasa ba ne, a wajen mai karo, wato amalanken jaki, muke saye, amma tsohon nan ko alwala zai yi sai ya je gindin itacen don kada ruwan ya tafi a banza. A inuwarsa mahaifiyata take ajiye gadonta na igiya, nan take shan gahawarta ta jabana, nan take karɓar baƙi. Ni ina aure a unguwar da ke bayanmu, yayana kuwa shi ke cikin gidan da iyalinsa.

Shekara biyu a jere itacen ya ƙi haihuwa. Da sanyi ya shigo sai ya yi fure har rassa su sunkuya, kwana kaɗan wani farin abu ya lulluɓe furen kamar an barbaɗa garin dawa, daga nan ya yi baƙi ya kakkaɓe. Mahaifiyata ta ce bakin mutane ne, ta yi ta turare a gindinsa. Yayana ya ce tsufa ne. Shi dai idonsa na kan wurin, yana so ya gina ɗakin ajiyar riɗin da yake sarowa daga Ƙala'at an-Nahal, mai ƙofa ta bakin titi.

Ranar da ya furta maganar sarewa, ni da bakina ba ya da linzami, na ce, "Yaya, gatarin da zai taɓa itacen nan sai ya fara bi ta kaina."

Ya ce, "Ke da ba a gidan kike kwana ba? Ni nake sayen ruwan da yake sha, kuma ko ɗa ɗaya bai ba yarana ba."

Rigima ta yi tsawo har aka kira kawunmu daga Showak. Ya saurare mu, ya ce a ba itacen wannan sanyin. In ya haihu a bar shi, yayana ya nemi wani wuri. In ya sake zubarwa, ni kuma in kama bakina. Yayana ya ce, "Na yarda, Kawu. In ya haihu da kansa ba mai taɓa shi." Mahaifiyata tana zaune tana jan carbi.

Da furen ya fara fitowa da farin nan a jikinsa, na karya reshe ɗaya na ƙulle a bakin mayafina, na nufi kasuwa wajen wani dattijo mai sayar da iri da maganin gona. Yana gani ya ce cuta ce sananniya, ya kira sunanta da Larabci, ya ce maganinta kibrit. Mu a nan kibrit ashana muka sani. Na ce, "Ya Hajj, ni warkar da itace na zo nema, ba ƙone shi ba." Ya yi dariya har da tari, sannan ya buɗe leda ya nuna mini wani gari mai ruwan ɗorawa. Ashe farar wuta ce, wadda kakarmu take kwaɓawa ta shafa mana in mun kwaso ƙazwa.

Ya nuna mini awon da cokali, ya ce in dama a bokitin ruwa in fesa ya jiƙa furen da ganyen. Ya ja mini kunne: da sassafe kafin rana ta ɗaga, ko da yamma lis, ba da zafi ba, kuma kada in ƙara awo. Bayan kwana goma in sake.

Ni kuwa gwanar sani, na ce in cokali ɗaya yana warkarwa ai biyu sun fi sauri. Kuma ban samu kaina ba sai da na sauke girkin rana. Na aro famfon feshi na goyo a wajen maƙwabcinmu, na hau kan ganga da rana tsaka, na wanke ɓangare guda na itacen. Kwana biyu ganyen wajen ya murɗe ya ƙone, furen ya bushe ƙurmus. Yayana ya tsaya ya duba, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, kin rage wa mai gatari aiki." Na koma wajen dattijon ina kumbure-kumbure, ya ce, "Ke 'yar nan, kunnenki na ado ne? Me na ce miki game da rana?" Na karɓi faɗan na juyo gida.

Daga nan na bi ƙa'ida kamar ɗalibar da ta sha bulala. Ina idar da sallar asuba in yafa mayafi in taho. Ranar feshi in ɗaure hanci da ɗankwali in hau gangar, mace mai jiki irina, famfo a baya, ina lilo ina salati. Ranar da ba feshi in zo in ɗaga fure ɗaya bayan ɗaya ina duba ko farin ya dawo. Idona ya yi ja, hannuna ya yi kaushi, maigidana ya ce ko na yi wanka sau uku warin ruɓaɓɓen ƙwai nake yi. Kullum in na sauko, mahaifiyata ta riga ta dafa shayi da madara ta ajiye mini. Mu sha tare, ta ba ni labarin mutanen da na manta da su, sannan in koma gidana. Wata biyu ana haka.

Itacen ya kama. Furen ya zube yadda ya kamata, ya bar 'ya'ya ƙanana kamar gyaɗa, suka yi ta girma har suka kai ƙwan kaza, suna reto a kan gadon mahaifiyata. Na yi farin cikin da ban yi irinsa ba tun rasuwar mahaifina. Har maƙwabta na riƙa janyowa su zo su gani.

Wata safiya, zafi ya fara shigowa, na iso na tarar da jan bulo an jibge a ƙofar gida, ga maza biyu da gatura suna cire takalma. Na ce, "Yaya, mene ne wannan? Ɗaga kanka ka duba."

Ya ce, "Na gani. Cewa na yi in ya haihu da kansa. Wannan maganinki ne ya haihu. Itacen da sai an ba shi magani yake amfani ai mara lafiya ne, ba a barinsa yana tare wa mutane wuri."

Raina ya ɓaci har ban san lokacin da na ce, "To Inna ma kullum sai ta haɗiyi ƙwayar hawan jini take iya miƙewa. Ita ma sai ka kira mata masu gatarin." Masu saran suka sunkuyar da kai. Na kira kawunmu a waya, ya ce yana gona a Fashaga, maganar gida ce, mu sasanta. Aka janye gadon mahaifiyata zuwa bakin ɗaki, aka fara sara. Kafin azahar itacen yana ƙasa, ɗanyun 'ya'yan sun watsu har bakin zaure.

Na shiga ɗakinta ina kuka don in ba ta haƙuri a kan abin da aka yi mata. Ta ce, "Share hawayenki. Tun kaka yayanki ya yi magana da magini, tun kafin a kira kawunku. Ni na ba shi izini. Gidan ya yi wa yaransa kaɗan, riɗin nan kuma da shi ake ci."

Na ce, "Inna, kin sani? Kina kallona wata biyu ina hawa ganga?"

Ta murza carbinta, ta ce, "Na so in ga ya haihu sau ɗaya kafin ya tafi. Kuma da na gaya miki, da ba ki riƙa zuwa kullum da asuba ba."

Na ɗauki mayafina na fita. Haushi ya rufe mini ido, na ga kowa a gidan ya mai da ni abin wasa, har ita. Wata huɗu ban taka gidan ba. Ta aiko mini da gaisuwa, ta aiko da yajin da take daka mini, ina amsawa a daƙile. Na koma daga baya, amma zuwan mako-mako irin na baƙi, in zauna kaɗan in tashi. Damina biyu bayan nan Allah ya karɓi abarsa.

Ni da yayana muna gaisawa, muna haɗuwa a biki da makoki. Ɗakin ajiyar yana nan, riɗi na shiga yana fita. Ban yafe masa wasan da ya yi da kalma ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba. Na koyi cewa in an kafa maka sharaɗi, ka fara binciko ko an riga an yanke hukuncin. Amma ɗacin da ya fi zama mini a rai nawa ne. Matar nan ta buɗe baki ta faɗa mini ƙarara abin da take so a wajena, zuwan asuba da kofin shayi, ni kuma shi na ɗauka na hore ta da shi.