Tawada a Kafet ɗin Kaka

Ina cikin tsokanar Kaka da safen nan, wai zan sake ta in auro mai haƙora, sai ta kawo mini duka da mafici. Garin kaucewa na ture kurtun tawadata a kan sabon kafet ɗinta, wanda Kawu ya sayo mata a kasuwar Kongolam. Ko mu jikokinta ba ta bari mu taka shi.

Na yi wuf na ce, "Tsohuwa, gode wa Allah. Tawadar rubutun sha ce, albarka ta sauka a ɗakinki."

Ta ce, "Haka ne, Maigida? To ba a zubar da albarka. Wanke, ka matse a ƙwarya."

Na kawo ruwa da tsumma, ina dangwalawa ina matsewa. Tawadar gawayi da ƙaro ba ta gardama, ta fita tas. Sai dai ruwan ya taho da ƙura har da tukar goro.

Ta miƙo mini ƙwaryar. "Bismillah, Malam."

Na rantse mata ko harafi ɗaya tawadar ba ta taɓa rubutawa ba.

Ta ce, "To kurɓi, maganin ƙarya ne."

Jama'a, wa kakarsa ta taɓa yi wa irin wannan kayen?