Tsohon Gari a Kan Ƙyaure

Duk lokacin da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta saki ƙamshinta, sai in ji kamar yumɓu ya dawo cikin faratana. Zauna in gaya maka dalili.

Ina firamare a Birnin Gwari, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, aka kawo mana wani malamin tarihi mai sanyin murya. Ba ya son mu haddace abin da hannunmu bai taɓa ba. A ƙarshen bazara ya kai mu bakin rafi muka ɗebo yumɓu, ya shimfiɗa wani tsohon ƙyaure a gindin mangwaro, ya ce mu gina tsohon garinmu a kai, wanda kakanninmu suka baro cikin daji suka dawo bakin hanyar mota. Yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba. Kowa ya je ya tambayi tsofaffin gidansu.

Mahaifina, wanda ya koya mini ajami, ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya: kada a ƙera abu mai rai. Malam ya amince. Muka ta da ganuwa da ƙofofi, da masallaci, da rijiyoyi kamar idon kaza.

Kakata a can aka haife ta. Idanunta sun tafi, ƙafa ta ƙi. Burinta ɗaya, ta sake taka garin kafin ta koma ga Allah. Kullum mahaifina sai ya ce, "Inna, bari damina ta wuce." Ta wuce, wata ta zo.

Da Malam ya ji haka, sai ya sa muka ɗauko ƙyauren a kai, ajin duka, har tsakar gidanmu. Yumɓun bai gama bushewa ba. Kakata ta bi ganuwar da yatsu a hankali, ta shiga ta ƙofar gabas, ta yi ta lalube. Can ta ɗago.

"Kai angona, annoba aka yi a garin nan naka? Ina mutane?"

Na ce Baba ya hana.

"Ya yi daidai. Miƙo mini ƙwaryar dawa."

Ta riƙa ɗaukar ƙwaya ɗaya-ɗaya tana dannawa cikin yumɓu. Nan maƙera suke, ƙarar uwar maƙera ke tashin unguwa. Nan maƙwabtanmu Gbagyi masu tukwane, wurinsu ake ɗebo wuta in tamu ta mutu. Malam ya zauna a ƙasa cikinmu. Wallahi na ji ƙamshin hayaƙi, na ji daka daga nesa. A bakin wata rijiya ta danna ƙwaya, yatsanta ya daɗe bai ɗago ba.

"Uwata," ta ce.

Mahaifina ya gyara murya. "Inna, in Allah ya yarda, da kaka..."

"Bar shi. Na je, na gaisa da kowa."

A daminar nan ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ruwa ya narkar da ganuwarmu, dawar kuwa ta tsiro, kore shar, kowane gida da mutanensa a tsaye. Mahaifina ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki.

Yau dajin nan ba ya shiguwa saboda 'yan bindiga, jikokina kuma a allo suke kwafar tarihi. Jiya na aiki ƙaramarsu ta samo mini yumɓu. Idona ya fara hazo, amma ban manta inda kowace ƙwaya take zama ba.