Mun Je Yankan Shinkafa, Mun Tarar An Dafa

Da asuba aka ce za mu tashi, kuma ni dai ana sallame salla a masallacin layinmu na riga na zura hijabi ina tsaye a bakin get da kuloli. Sauran kuwa sai da rana ta haske kan darbejiyoyin Nassarawa sannan suka fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Wata ɗanta ya ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya. Wata ta koma ɗauko hular rana. Direban bas ɗin da muka ɗauka haya ya kashe mota ya kunna, ya sake kashewa, daga ƙarshe ya tafi shan shayi.

Ku da kuka daɗe kuna bibiyata a nan kun san ni da fita sai dole: asibiti, gaisuwar rasuwa, biki in na kusa ne. To bari in gaya wa sababbi abin da ya fitar da ni. Mu wasu iyaye mata ne a unguwar nan, da wata daga Badawa, da muke koyar da yaranmu a gida. Kowa da dalilinta. Ni nawa dalilin babbar 'yata ce mai sikila. Sati ɗaya a aji, biyu a gado, har yara suka fara yi mata waƙa. Abbansu ya cire ta, ƙaninta ya biyo ta. Da muka samu wannan haɗaka sai yarinya ta farfaɗo, don nan ne kaɗai take da ƙawaye. Tsarin shi ne kowace uwa ta ɗauki rana ta koyar da wani abu. Wata lissafi, wata Turanci, wata ta kai su gidan zu. Ni kuwa firamare ma ban ƙarasa ba, sai Islamiyya, don haka abin da nake kaiwa cincin ne da zoɓo.

Rannan shugabarmu, wadda muke kira Malama, ta ja ni gefe. Mace ce mai kirki, amma in ta ce tsari to tsari ne. Ta ce akwai iyaye da suke jiran gurbi, duk uwar da ba ta ɗauki rana ba kafin ƙarshen zangon nan, sai dai yaranta su ba wasu wuri. A hankali ta faɗa, amma 'yata tana bayan labule. Ranar ko abincin dare ba ta ci ba.

Ana cikin haka aka tambayi ɗana daga ina shinkafa take fitowa, ya ɗaga hannu da ƙarfinsa ya ce daga sito. Aka yi dariya, ni kuma na ce to ga ranata. Baba maigadinmu mutumin wani ƙauye ne a bayan Kura, yayansa yana noman rani, kuma lokacin yanka ya yi. Na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla: yara za su je su riƙe lauje, su yanka, su buga, su yi gumi kamar kowa. Ya ce, "An gama, Hajiya." Ku riƙe wannan "an gama" ɗin.

A mota, tun da aka kawo shari'a babu wadda za ta yarda a hango ta a gaba kusa da direba a yi da ita. Sai Baba maigadi ya zauna a bakin taga, kular dambuna ta samu kujerar tsakiya ita kaɗai har da ɗaura mata bel, mu kuma muka cushe a baya da yara kamar kayan gwanjo. Muka bi titin Zariya. A Na'ibawa muka maƙale a cunkoso, 'yan adaidaita sahu suna kutsawa ta inda ko akuya ba za ta bi ba. Kowane bango hoton mai neman ƙuri'a ne yana murmushi, an manna wani a kan wani, har ka ga hular wannan a kan gemun wancan. Malama ta ce yara su karanta abin da aka rubuta a jiki, wai shi ma karatu ne. Suka yi ta karanto alkawuran ruwa da wuta, direba yana cewa amin yana kauce wa rami.

Da muka hau gadar Tamburawa aka leƙa masu yasar yashi a ƙasa. Can gaba muka tsaya sayen mangwaro, kuma gaskiya na ji haushi: kuɗin da ake ba ni 'yan ƙwayoyi a leda a Yankaba, nan tire guda aka juye mana har da gyara. Yara suka sha, suka shafe kujeru, ɗan matar Badawa ya dawo da nasa a kan siket ɗina. Ni dai hankalina yana kan 'yata. Sha ruwa. Matsa daga rana. Ƙafar ba ta ciwo? Har ta ce, "Umma, don Allah, kowa yana kallona." Na ci gaba da kallonta ta gefen ido.

Muna sauka daga kwalta muka bi wata hanyar ƙasa a gefen magudanar ruwan noman rani. Tun daga nesa na hango taro, na ce wa Baba maigadi ko rasuwa aka yi. Ya ce a'a, mu ake jira. An share ƙofar gida an yayyafa ruwa, an aro fararen kujerun roba, an shimfiɗa tabarmi sababbi fil. Mai unguwa da kansa yana zaune da babbar riga. Ashe tunda aka ji mota za ta zo daga Nassarawa cike da Hajiyoyi, rabin garin sun ɗauka 'yan siyasa ne. Ina sauka wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, ku ta wace jam'iyya ce? Ni dai atamfa nake so bana, taliyar nan ba ta kwana." Na ce Iya, mu karatu muka zo. Ta dube ni sama da ƙasa, ta saki hannuna.

Aka yi gaisuwa. Aka sake gaisuwa. Aka tambayi Alhaji, wato Abban yara, aka tambayi mutanen birni, aka tambayi gajiya, aka koma kan Alhaji. Sannan aka shigar da mu mata cikin gida, aka jera yaranmu a kan tabarma kamar 'yan rakiyar amarya. Ɗana ya tashi zai bi wani ɗan akuya, aka ɗauko shi cak aka dawo da shi, aka wanke masa ƙafa da buta. Kular dambuna kuwa Baba maigadi ya hana a sauke ta, wai in aka ga mun zo da abincinmu an ce ke nan mun raina tukunyar gidan.

Fura ta zo da nono mai kauri, irin wanda ludayi yake tsayawa a ciki. Ba mu gama ba aka shigo da manyan kwanuka: shinkafa fara tas tana ƙamshi, da miyar kaji har mai yana yawo a kai. Ba zan yi ƙarya ba, rabon da in ci shinkafa mai daɗin wannan tun ina yarinya. Amma loma nake ina kallon Malama, ita kuma tana kallon agogo. Na ce wa matar gidan, baiwar Allah mai fara'a, yaushe za a je gona? Ta ce sai an ci abinci. An ci, na sake tambaya, aka ce sai an yi azahar. An yi azahar, aka ce ai rana ta yi zafi, 'ya'yan birni ba za su iya ba, a bari ta ɗan karya. Aka kawo rake. Yaran da muka kawo su riƙe lauje, ga su kwance reras ciki ya ɗauka, ana yi musu fifita.

Sai bayan la'asar aka fito da mu. Maigidan, yayan Baba maigadi, yana gaba, dattijo siriri mai farin gemu, muna biye, rabin gari yana biye da mu. Muka yi tafiya a kan kunyar gona har ya tsaya ya buɗe hannuwa ya ce ga ta nan.

Jama'a, fili ne. Fili fetal. Kututturen shinkafa ne kawai a tsaye, shanu suna kiwo a ciki.

Na ce, "Malam, ina shinkafar?"

Fuskarsa cike da murna ya ce, "Ai da na ji za ku zo, Hajiya, gayya na tara. Jiya muka ƙarasa, muka buge, muka kwashe. Ya za a ce iyalin Alhaji sun zo sun tarar da aiki a warwatse? Wadda kuka ci ɗazu ma ta farkon yanka ce."

Na juya wajen Baba maigadi, wanda ya sami wani abin kallo a ƙasa. Na ce, "Baba, me na ce maka?"

Ya ce, "Kin faɗa, Hajiya, wallahi kin faɗa. To amma da wane baki zan ce wa yayana na kawo masa 'ya'yan ubangidana ƙwadago? Ai kafin magariba garin nan ya ɗauka Alhaji ya karye."

Can nesa na hango wasu suna yanka a wata gona, na ce to mu ƙarasa can mana. Murmushin dattijon nan ya ɗauke. Baba maigadi ya matso ya raɗa mini cewa in baƙinsa suka tsallake gonarsa suka je ta maƙwabci suka yi aiki, har ya mutu ana yi masa gori. Na haƙura. Mutumin nan kajinsa ya yanka mana, gayya ya ciyar saboda mu. Na yi godiya, na sa yara suka yi godiya. Wato mun taho tun safe don yara su ga inda shinkafa take fitowa, sun ga ta fito daga kwano.

A hanyar komawa mota Malama ta dafa kafaɗata ta ce, "Babu komai, Hajiya, za mu yi magana." Duk wadda ta taɓa jin wannan ta san me ake nufi. 'Yata ma ta sani. Ta shige can kujerar baya ta jingina kai da gilashi.

Sai kuma tsaraba, wadda ba a isa a ce a'a ba. Albasa, kaji masu rai an ɗaure musu ƙafa, da wani rabin buhu da dattijon ya sa aka shigo da shi yana ta ba da haƙuri. Wai shanshera ce, shinkafar da ba a cashe ba, injin garin ya lalace tun shekaranjiya, in yafe masa wannan abin kunya. Na ce Allah ya saka, a raina ina cewa yanzu ina zan kai wannan kuma. Aka tura buhun baya, daidai ƙafar 'yata.

Mun wuce Kura, mota shiru sai kukan kaji, na ji muryarta. "Umma, menene wannan?" Buhun ya huje, ta tsinci wata ƙwaya ruwan ƙasa mai kaifi. Na ce shinkafa ce. Ta ce ba ita ba ce. Na ce sa farce ki ɓare. Ta ɓare, sai ga 'yar farar ƙwaya a tafin hannunta. Ta yi ihu, "Ku zo ku gani, ashe riga gare ta!" Kafin in ce a zauna, duk sun yi baya. Hannuwa cikin buhu, kowa yana ɓarewa, ana gasar wanda zai tara da yawa. Ɗana ya ce to duk buhun da ke sito haka aka ɓare shi ɗaya-ɗaya? Wata ta ce in an shuka wannan za ta fito? Tambayoyi suka yi mini rubdugu, na amsa wanda na sani, wanda ban sani ba na ce sai na tambaya. Na ce kar a sosa ido, ƙaiƙayi gare ta. Babu wanda ya ji. Daga Tamburawa har gida susa ake ana kuka ana dariya, kaza ɗaya ta kwance ta haye kan kular dambu.

Mun iso ana kiran magariba. Malama ta sauka tana sosa wuya, ta tsaya ta dubi buhun, ta dubi yaran da suka ƙi sakinsa. Ta ce, "Hajiya, kin iya mayar da wannan abinci?" Na ce na ga ana yi ina yarinya, ana jiƙawa a turara a shanya a daka a sheƙe, amma hannuna bai taɓa yi ba. Ta ce, "To ku koya tare. Alhamis taki ce, a gidanki, har ta shiga tukunya."

Abin da tafiyar nan ta koya mini, in za ki kai yara ƙauye su yi aiki, kar ki aika, ki kira da bakinki, kuma ki nemi matar gidan, don maza kunya za ta sa su gyara miki magana. Sannan kar ki faɗi ranar zuwa, in ba haka ba kaji za su mutu a banza. Yanzu kullum ina waya da matar dattijon nan tana koya mini turara tana yi mini dariya. Turmin da na mayar abin ɗora tukunyar fulawa ya koma bakin aiki. Ta farko da muka turara ta dafe ta zama kunu, tsakar gidana duk buntun shinkafa, kajin tsaraba sun tone ciyawar Alhaji, bayana kuma kamar ba nawa ba. Ni da ba na son fita, yanzu garin ne yake shigo mini duk Alhamis da takalmansa.

Jiya da yamma na leƙa ta taga na ga 'yata a tsaye kan shanya da sanda tana korar tsuntsaye, tana gaya wa ƙawarta a waya cewa ta zo da wuri, ranar Ummanta ce. Na buɗe baki zan ce ta shigo daga rana, sai na fasa. Na aika mata da ruwa.