Ruwa Ya Yi Gyara

Ana sallame sallar asuba muka fito daga gidanmu na Ƙofar Marusa, ni da ƙanena, autanmu. Gari a lumshe, ƙasa sharkaf, lunguna duk caɓi. Da muka zo wucewa ta tsakar gida sai ya kau da kai daga ɓangaren hagu, inda tarin ƙasar nan take har yanzu ba a kwashe ba. Ni ma ban duba ba. Muka tari 'yan acaɓa biyu suka kai mu tasha, zanena duk ya sha feshin taɓo kafin mu isa.

Kano muka nufa, kuma ba yawon buɗe ido ba. Auta ma'aikacin gona ne. Tun da sojoji suka koma bariki farar hula suka hau, ƙasashen Turawa suka sake buɗe mana ƙofar karatu, shi kuma Allah ya ba shi gurbi a Ingila. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mashi, ya ci jarrabawar Turanci. Ya riga ya yi ta rubutu, saura ta baka, wadda za a zaunar da mutum gaban Bature ya yi ta zuba. In bai ci wannan zama ba, wani za a ba gurbin. To ga matsalar: mutumin da zai yi jarrabawar magana ya daina magana. Tun da mahaifiyarmu Inna ta rasu, makonni kaɗan da suka wuce, daga "i" sai "a'a" ake samu a bakinsa. Ni malamar firamare ce, Turancina na 'yan aji uku ne, amma kowa ya san bakina ba ya gajiya. Shi ya sa dangi suka ce in raka shi, in riƙa jan shi da tambayoyi a hanya ko harshensa zai saki.

Sai na gaya maku yadda Inna ta shiga wannan karatu. Ba ta taɓa zama a aji ba. Amma littafin da Auta yake bita cike yake da zancen yanayi: yaya zafin garinku, wane lokaci ka fi so, wanne ne ba ka so, don me. Turawa dai Allah ya ɗora masu son hirar sama. Da ya rasa mai yi mashi tambaya sai ya koya wa Inna guda ɗaya, ta hardace ta tsaf. Kullum bayan la'asar tana tsinkar zogale a ƙofar ɗakinta, sai ta gyara murya ta jefa mashi, shi kuma ya yi ta amsawa yana ɗaukar kansa a rikoda don ya ji inda harshensa ke tuntuɓe. Ɗakin nan na ƙasa ne. Mun yi mun yi ta koma na siminti ta ƙi, wai na ƙasa ya fi sanyi. Aka yi ruwa kwana da wuni, da hantsi bangon ya jiƙa ya zauna, tana ciki.

Fijo muka samu, kuɗin mota ya ƙaru a kan yadda na sani, direba ya ce mu tambayi gidan mai. Muka matsu a tsakiya, wani Alhaji ɗan kasuwa ya mamaye gaba shi da tumbinsa. Muna wuce Ƙofar Kaura na ga hotunan 'yan takara har yanzu manne a bango, ruwa ya wanke su, wani ba hanci, wani saura hula kawai. Gaba kaɗan muka iske inda sojoji suka saba kafa shinge, wurin da na taɓa ganin an sa dattijo tsallen kwaɗo. Yanzu ba kowa sai gangunan da suka bari da wata akuya tana fakewa a rumfarsu. Ai kuwa Alhaji ya samu abin yi. Ya dinga zagin gwamnati, ta jiya da ta yau, da murya sama, yana waiwaye yana cewa yanzu ba mai kama shi. Direba ya ce, "Alhaji, bi a hankali dai, barikin ba nisa." Mota ta yi dariya. Auta yana kallon taga.

Hanya kam ta yi kyau, ban da ramuka. Hagu da dama kore shar, gero ya fitar da kai, dawa ta fi mutum tsawo, shanun Fulani sun yi ɓulɓul suna ƙyalli. Irin wannan damina manoma suke roƙo. Da a bara ne, Auta zai cika mu da bayanin irin da aka shuka a kowace gona har sai an ce ya isa. Na taɓa shi na yi mashi tambaya ta farko da guntun Turancina, cewa ya ba ni labarin lokacin zafi a Katsina. Ya ce akwai zafi. Na ce sai kuma mi? Ya ce sosai. Wallahi da a aji ne da na ɗauko bulala.

A Charanci muka tsaya shan mai. Masu talla suka yanyame motar, ga gasasshiyar masara, ga dafaffiyar gyaɗa, ga ƙwan zabi da araha kamar a ba ka kyauta, don lokacinsa ne. Wata Bafulatana mai nono ta leƙo ta tagar da Auta yake, da fara'arta, ta ce, "Sannunku da hanya. Ya ruwa?" Duk motar aka amsa baki ɗaya, "Ruwa ya yi gyara." Har ni, don bakina ya riga tunanina. Shi kaɗai ne bai amsa ba. Sai a lokacin na lura cewa tun ranar da abin ya faru ban ji ya amsa wannan gaisuwa ga kowa ba. Na saya mashi ƙwai na ɓare, ya riƙe a hannu har ya huce.

Bayan Kankiya na yi dabarar da har gobe nake nadama. Na san a jakarsa akwai kaset ɗin darasi mai muryar wani Bature. Na ce tunda ni na kasa, bari Bature ya gwada. Yana gyangyaɗi na zura hannu na zaro kaset, na miƙa wa direba na ce don Allah ya sa mana. Kaset-kaset ɗin duk kamarsu ɗaya, ban duba ba. Aka ji ƙara, aka ji kukan kaji, sai murya ta fito.

"Hawu iz di weda?"

Inna ce. Da gyaran muryarta da komai. Mota ta fashe da dariya, Alhaji har da buga cinya yana tambaya wace Hajiya ce wannan mai Turancin Landan. Ni kuwa na kasa cewa a kashe. A cikin kaset Auta ya zuba Turanci tiryan-tiryan, sai ta katse shi.

"Tsaya. Mi ka ce ma Baturen?"

"Na ce ba ni son damina, Inna. Saboda caɓi da sauro da rushewar gidaje."

"Subhanallahi. Ruwan? Kai da ke cin albashin gona? Ba a kushe ruwa, Auta. In an tambaye ka, ka ce ya yi gyara."

"Inna, ba gaisuwa yake yi ba. Ra'ayi yake so, da dalili."

"To ba shi gaisuwar, ya koyi ladabi."

Sai dariyarsa a cikin kaset, irin wadda har tari take sa shi. Rabona da jin ta tun kafin rasuwar. Na waiwaya na ga idonsa biyu, yana kallon rediyon motar. Da ƙyar na ce, "Mahaifiyarmu ce. Ta rasu. Ɗaki ya faɗa mata a ruwan nan." Direba ya kashe da sauri yana salati. Alhaji ya juyo, duk girmansa ya koma abin tausayi, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo, kowa ya shafa. Auta ya karɓi kaset ya sa a aljihun ƙirji. Ni kuwa da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Muka sauka Kano a tashar Ƙofar Ruwa. Ban taɓa jin nauyin sunan tashar nan ba sai ranar. Kano tana nan yadda kuka san ta, hayaƙi, ham ɗin motoci, kowa yana sauri kamar an biyo shi. Na tsaya wajen wata mai waina na tambaye ta mi ne ne kuɗin, ta dube ni ta ce, "Bakatsiniya, daga jin 'mi' ɗin nan." Ta ƙara mani biyu gyara. Na ci tawa na ci ta Auta, don ni baƙin ciki ba ya hana ni ci, sai dai in ci ina hawaye.

Wurin jarrabawar gida ne mai shuke-shuke, da baranda inda masu jira ke zama. Samari da 'yan mata sun sha guga, kowa yana motsa baki shi kaɗai kamar masu lazimi. Na kasa kunne na ji wani kusa da ni yana hardace yadda dusar ƙanƙara ke zuba, shi da ko a firjin gidansu ban tabbata ya gan ta ba. Na riƙo hannun Auta na ce, "Ka daure. Abin da ka hardace yana nan a kanka. Buɗe baki kawai za ka yi." Ya ce, "To, Yaya." Aka kira shi ya shiga. Yana shiga hadari ya taso, ruwa ya tsuge. Na zauna ina kallon indararo, ina roƙon Allah ya sa a tambaye shi zancen abinci, ko ƙwallo, ko komai ma ban da wannan.

Da ya fito ban ga komai a fuskarsa ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya, mu tahi gida."

Sai a Tsanyawa, da motar da muka hawo ta tsaya sallar la'asar, ya ba ni labari muna zaune a kan benci. Rabon da ya jera magana haka an daɗe. Ya ce mai yi mashi jarrabawar Baturiya ce, mai kirki. Ta tambayi sunansa da aikinsa, ya amsa lafiya lau. Sai ta ce ya ba ta labarin yanayin garinsu, da lokacin da ba ya so, da dalili.

"Amsar tana bakina, Yaya. Caɓi, sauro, rushewar gidaje. Da can haddarta kawai na yi, yanzu kuwa ba wanda ya fi ni sanin gaskiyarta. Amma na kasa faɗa. Ji na yi kamar Inna tana zaune a bayan matar."

Na ce, "To mi ka ce?"

"Na ce mata mu a garinmu ba a kushe ruwa. Cewa muke ya yi gyara. Ta ce ba ta gane ba, in yi mata bayani, mi ya gyara. Na nemi Turancin na rasa. Na nemi Hausar ma na rasa."

Ya ce shiru ya yi, ruwa yana dukan taga, ita tana jira. Ta sake tambaya a hankali, ya kasa. Ta sauya wata tambayar, nan ma ba baki. Ƙarshe ta kashe rikodarta ta zuba mashi ruwa a kofi. Na ce ƙila abin da ya faɗa da farko ya isa. Ya ce, "Yaya, wanda ya yi shiru a jarrabawar magana mi zai ci?" Na yi kuka a gefen titi, mutane suna wucewa suna kallo, ban damu ba. Shekarun da yaron nan ya yi yana neman wannan gurbi nake tunawa, da yadda Inna take gaya wa maƙwabta autanta zai tafi Ingila.

Ana kiran magariba muka shigo Katsina, ana yayyafi. A ƙofar gida muka iske maƙwabcinmu, wani dattijo da tun muna yara muke ce mashi Malam, yana alwala a bakin zaurensa. Yana cikin waɗanda suka tono Inna da hannunsu. Ya ɗago ya ce, "A'a, 'yan Kano. Sannunku da hanya. Ya gajiya? Ya ruwa?" Kalmar tana fita na ga ya ankara, ya sunkuyar da kai yana juya buta. Ta ƙofar zaurenmu ana hango tarin ƙasar, ruwa yana sauka a kai.

Auta ya durƙusa yadda aka koya mana. Sannan ya ce, "Ruwa ya yi gyara, Malam."

Malam ya ce, "Madalla, ɗana. Madalla."

Na je Kano don in buɗe bakin ƙanena da Turanci, ban iya ba. Abin da na dawo da shi shi ne, tun ina yarinya nake amsa wannan gaisuwa kamar yadda nake amsa sallama, ban taɓa sanin tana da nauyi ba. Ashe iyayenmu da suka koya mana ita sun ga gonar da ruwa ya cinye, sun ga bangon da ya kayar, kuma suka ci gaba da faɗa. Sakamako bai fito ba tukuna, amma a gidanmu ba mai jiran sa, mun san gurbin ya tafi. Da safe na fito na iske Auta ya aro baro da shebur, ya fara kwashe ƙasar ɗakin Inna, kaset ɗin yana aljihunsa.