Wai shawara ba ta son allura

Da safen nan ina shirin tafiya lakwal, makarantar da nake koyarwa, aka kira ni: Madam Rahila ta rasu.



Shekara biyar muna koyarwa tare a garin Gidan Amumune, ajinta jikin nawa. Kirista ce, amma duk azumi in ta ga na galabaita sai ta karɓe mini aji. "Tahi ki zamna inuwa, Hajiyar gobe, kar ki hwaɗi muna."

Ganina da ita na ƙarshe, cikinta wata bakwai, idanunta sun yi kamar gwaiduwar ƙwai. Na ce, "Rahila, ki tai a yi miki analis, a auna jininki." Ta yi dariya. "Shawara ce kawai. Inna ta ce kar in kuskura in je likita, shawara ba ta son allura. Ta jiƙa mini saiwa."

Na yi shiru, wai kar in shiga tsakanin uwa da ɗiya. Wannan shirun ke cin raina.

Kwana tara tana gida tana shan jiƙo tana amai. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ƙara nasa: kar dai allura. Mijinta ya kira mai kabu-kabu don a kai ta likita, aka tare shi a ƙofar gida.

Sai da ta daina gane mutane aka kai ta asibitin Mayahi. Gwajin jini ya nuna ciwon hanta ne, irin wanda ake ɗauka a gurɓataccen ruwa. Sajfam, ungozomar asibitin, ta ce ya fi tsanani ga mai tsohon ciki, don me ba a kawo ta da wuri ba?

Na san rai na Allah ne. Amma a ajiye mutum har ya kai gargara, a kai shi ya cika, sannan a ce allura ce ta kashe shi? Ɗazu a gidan makoki da kunnena na ji wata tana faɗin haka. Haba jama'a!

Ta bar jaririya, bakwaini, tana hannun likitoci. Har an fara cewa a ɗauko ta a kawo gida.

Rahila, wannan karon ba zan yi shiru ba. Ina rubutun nan ina kan hanyar Mayahi.

Allah Ya ba mijinki haƙuri, Ya raya abin da kika bari. Ku da kuka karanta, don Allah ku sa yarinyar nan a addu'a. Ko suna ba ta da shi tukuna.