Idon Kaka Tabawa

Idon Kaka Tabawa, mahaifiyar babanmu, bai taɓa bushewa ba. Ko dariya take yi, sai ka ga ruwa na bin kumatunta tana sharewa da bakin zane. Mu jikokinta muna tsokanarta da mai kukan banza, ita kuma ta ɗora wa hayaƙi laifi. A ƙauyenmu, kusa da Ruwan Godiya, in an gama girbin dawa mukan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan isha'i, mu tura dankali cikin toka, mu hana ta sakat sai ta yi mana tatsuniya.

Akwai guda da ba ta buɗe ta irin sauran. Maimakon mu ce ta zo mu ji ta, sai ta bari mu natsu, sannan ta ce, "Wagga ba zuwa za ta yi ba, nan gida take."

Kafin kakanninmu su musulunta, in ji ta, kowace zuri'a tana da kan gida, wato dabbar da ba ta ci, ba ta kashewa. Na wani manomi mai suna Barau kififiya ce, kunkurun ruwan nan mai laushin baya. Wata shekarar yunwa ya bi sawunta a yashin rafi, ya tono ƙwanta. Ya san abin da ya taɓo, amma ɗiyarsa ƙarama ta kwana tana kukan yunwa. Ya dafa mata ɗaya ta ci, ya rufe sauran a tukunya.

Da safe aka ga sawu jiƙaƙƙe a bakin danga, alhali rafin ya ƙafe ƙaf. Washegari sawun ya shigo tsakar gida. Daga nan sai ga shi a gefen tabarmar yarinyar, kuma ba wanda ya ga mai shi. Idon yarinya ya soma zubar da ruwa ba tare da kuka ba, tana ta ramewa. Wata tsohuwa ta ce wa Barau in yana son ɗiyarsa ya mai da abin da ya ɗauko. Ya kwashi ƙwan ya binne inda ya tono. Sawu ya ɗauke, yarinya ta rayu.

"Amma guda da ta ci hwa, ba shi maiduwa," in ji Kaka.

In muka tambaya ko idon ya warke, sai ta tona wuta ta ce dankalinmu zai ƙone. Ƙurunƙus ma ba ta yi mata. Ni dai tsoro nake ji, kullum da safe sai na duba ƙasar ƙofar ɗakinmu.

Kaka ta daɗe da rasuwa lokacin da na fara kai shanu Legas. Wani abokin cinikina ya kai ni ƙauyensu a bakin teku. Da asuba na ga sawu a yashi, faɗinsa kamar na tayar tarakta, na bi shi. A ƙarshensa ga macen kunkurun teku, ta kusa ƙyauren ɗaki girma, tana rufe ƙwanta da yashi. Bayanta fata ne, ba ƙoƙo ba, kamar kififiyarmu. Idonta na ta zubar da ruwa.

Wasu samari da ke gadin ramukan ƙwan suka gaya mini kunkurun teku iri-iri ne. Ban da mai bayan fata akwai koriya mai cin ciyawar teku, akwai mai baki irin na shaho, akwai wata ƙarama, kuma duk raguwa suke yi saboda ragar masunta, da leda da suke haɗiyewa, da masu tonon ƙwai. Suka ce ba kuka take ba, gishiri take fitarwa. Na yarda da su.

Da muka ja gefe, abokina ya raɗa mini cewa ƙwan na da daɗi, zai samo mini in kai wa yara tsaraba. 'Yata Tabawa, mai sunan Kaka, ta faɗo mini a rai.

"Kan gidanmu ce," na ce masa.

Ban san maganar tana bakina ba sai da ta fito. Sai a nan na gane ko wace ce ɗiyar Barau, na kuma ji tausayin tsohuwar da muka yi ta tsokana. Ƙwai ɗaya ta ci, ba ita ta tono ba, amma har ta koma ga Allah tana share ido. Na tsaya har kunkurun ta shige ruwa, ina goge nawa idon da hannun riga. A bakin tekun nan kuwa babu hayaƙi.