Tsohuwa Mai Gafaka da Tasbaha

A tashar mota na gan ta, zaune kan tabarmar kaba, can gefe da hayaƙin sababbin motocin da suka cika Sakkwato tun da arzikin mai ya zo. Tsohuwa ce siririya, lallen hannunta ya koɗe. Ta zaro takardu daga gafaka ta ɗora a cinya, tasbaha na rataye a yatsanta. Tana karanta layi ɗaya, sai ta dafa shi, ta rufe ido. Motar soja ta wuce da jiniya, ba ta motsa ba. Sai an jima take jan ƙwayar tasbaha.

Gidanmu na Ƙofar Marke ne ya sa na kasa ɗauke ido. Baba ya riƙe wuridinsa, Yaya Siddiƙu da ya shiga jami'a ya ce sai an nuna masa a littafi, har sun daina cin tuwo a akushi ɗaya. Ina jin ita ma ta taɓa zama tsakanin irin waɗannan mutum biyu.

Ɗan kamasho ya rusuna gabanta. "Inna, mota ta cika. Karatu kika yi ko wuridi? Zaɓi guda mu tahi."

"Ɗana, abin da nik karanta nika jira shi sauka zucciya. In bai sauka ba, mi za ni ja ga tasbaha?"

Ya koma ya ce wa direba a jira ta. Ni kuwa ina ta maimaita maganarta a raina, kada ta ɓace mini kafin a sake raba tuwon gidanmu akushi biyu yau da dare.